Koren Katin Maman Dokta

Akwai wani likita a Kafanchan, sunansa Azariya. Tun yanzu in gaya muku, labarin yau ba na dariya ba ne. Ni kaina da na gama rubuta shi sai da na kife waya.

Azariya ɗan wani ƙauye ne a bayan Kwoi, inda kusan kowane gida citta yake nomawa. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan kam ba mai musu. Da ya gama karatun likita sai ya sake komawa ya ƙaro wani, a kan halin ɗan Adam wajen shan magani. Wato me ya sa za a ba mutum magani kyauta, a ce masa ransa na ciki, amma ya cusa a ƙarƙashin katifa ya manta. Tun da ya dawo, in ya fara bayani a kan wannan, to ka nemi kujera kawai.

Wata ƙungiya ta ɗauke shi aiki, ta damƙa masa ƙananan asibitoci bakwai na ƙauyuka, har da na garinsu. Aikinsa ɗaya ne: hawan jini. Ciwon yana cin mutane a ɓoye. Mutum zai sha magani sati biyu, ciwon kai ya tafi, ya ce ya samu sauƙi, ya daina. Bayan wata shida sai ka ji an ce ya faɗi a gona.

Azariya ya zauna ya tsara abinsa. Duk wanda aka auna wata uku a jere aka samu jininsa daidai, za a ba shi koren kati. Ba a asibiti za a ba shi ba, ranar Lahadi a coci, bayan sanarwa, a gaban kowa. Za a kuma rubuta sunansa a wani allo da aka kafa a ƙofar asibiti. Amma ranar da jininsa ya hau, za a karɓe katin, a goge sunan. Sannan ya ƙara doka ɗaya: ba a ba kowa magani sai an auna shi an rubuta.

Da ya tara ma'aikata don ya yi musu bayani, kowa ya tafa. Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba, Sista Afiniki, nas ɗin da ke riƙe da asibitin garinsu. Shekararta ashirin da shida a wurin. Rabin matasan garin a hannunta aka haife su.

Ta ce, "Dokta, bayarwar ba laifi. Karɓewar ce nake tsoro."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai karɓewar ita ce maganin, Madam. An gwada a ƙasashe da yawa, an rubuta. Zafin rasa abu ya fi daɗin samunsa. Mutum zai sha magani don kada a karɓe masa kati."

Ta ce, "Wanda suka rubuta ɗin, sun san godiya?"

"Wace godiya?"

"Godiya ta coci, Dokta. Mutanenmu in sun samu lafiya, ba a ɗaki suke ajiyewa ba. Za su ɗinka anko, su kira dangi daga Zonkwa da Kaduna, su fito da rawa da baikon da za su ba coci, su ce Ubangiji ya taɓa su. Bayan mutum ya yi wannan, sai ka zo da tsumma ka goge sunansa?"

Azariya ya tattara takardunsa ya ce, "Madam, ni ɗan garin nan ne. Ba sai an koya mini mutanena ba."

Sista Afiniki ta dube shi. Ita ta san tun yana aji ɗaya a sakandare ya bar garin, zuwansa sai Kirsimeti. Ta ce, "To, Allah ya taimaka," ta zauna.

Mahaifiyar Azariya tana cikin masu ciwon. Sunanta Hulda, amma ba mai kiranta haka, Maman Dokta ake ce mata. Mijinta ya rasu tun Azariya yana ƙarami, ita ta riƙe gonar citta ta riƙe yara. Ita ce kuma Uwar Zumunta, shugabar matan coci. Mace ce mai fara'a da tsokana, amma wajen magani taurin kai gare ta. Shekara biyar Sista Afiniki tana binta da roƙo.

Da ta ji tsarin na ɗanta ne, sai ta canza. Ta ajiye maganin a cikin Littafi Mai Tsarki, kullum in ta gama addu'ar safe ta haɗiye. Ta rage gishiri, ta rage magi, har tana yi wa mata faɗa a kan nasu. Wata uku cif, ita ce ta fara samun koren kati a garin.

Kai, jama'a, ranar godiyarta coci bai ɗauki mutane ba. Matan zumunta sun fito da zane iri ɗaya, ana buga tulu ana kaɗa caki. Mama Hulda ta taho da rawa tun daga ƙofa, kwanon acca a kanta, katin a hannu tana ɗagawa sama. Da aka ba ta abin magana sai ta ce, "Ikilisiya, ku taya ni godiya. Ubangiji ya warkar da ni, kuma ta hannun ɗan da na haifa!"

Guɗa ta tashi. Azariya yana zaune a layin gaba. Ya fi kowa sanin cewa hawan jini ba a warkewa, sai dai a riƙe shi da magani har ƙarshen rai. Ya san ya kamata ya miƙe ya gyara maganar. To amma uwarsa ce take hawayen murna, ga tafi, ga mutane suna juyowa suna kallonsa. Bai gyara ba, ya tashi aka ɗauke su hoto.

Gaskiya dai a faɗe ta, watanni shidan farko tsarin ya yi aiki. Mutanen da ba su taɓa leƙa asibiti ba suka fara layi ranar Talata, ranar awo. Kowa yana son a kira sunansa a coci. Godiya ta yi yawa har sai da fasto ya ce a riƙa haɗa mutum uku-uku. Allo ya cika da sunaye, aka ƙaro wani. Azariya in ya haɗu da Sista Afiniki sai ya ce, "Madam, yaya tsoron naki?" Ita kuma ta ce, "Yana nan, Dokta."

Sai aka zo kan Baba Kaleb.

Baba Kaleb tsohon hedimasta ne, dattijon ikilisiya, mutumin da in ya yi gyaran murya yara suke nutsuwa. Shi ma ya yi godiyarsa, har akuya ya kawo. Wata Talata aka auna shi, jini ya hau. Ba don ya daina magani ba, jiki ne kawai, wani lokaci sai an ƙara ƙarfin maganin. Sista Afiniki ta ce ya huta, ta sake aunawa. Ta sake karo na uku. Abin bai sauka ba. Dole ta rubuta, dole ta karɓi katin, dole ta ɗauki tsumma.

Kafin yamma gari ya ɗauka. Kun san mutanenmu. Ba wanda ya ce jinin Baba ya hau. Abin da ake cewa shi ne, "Mutumin da ya yi godiya? To me ya aikata Allah ya janye hannu?" Wata ta ce dama akwai maganar iyakar gona da ya yi da ƙaninsa. Wani ya ce a binciki baikon coci. Ranar Lahadi Baba Kaleb bai zauna a kujerar dattawa ba, can baya ya zauna kusa da ƙofa, ana gama albarka ya fita.

Kowa ya gani, kowa kuma ya ɗauki karatu. Amma ba karatun da Azariya yake so ba. Abin da mutane suka gane shi ne, ba a karɓe kati sai an auna ka. In ba ka je ba, sunanka yana nan a allo lafiya lau.

A daminar nan ce cuta ta shiga citta. Wanda ya noma a shekarar ba sai an ba shi labari ba. Ganye ya yi ruwan ɗorawa ya kwanta, in ka tona sai ka samu ta ruɓe tana wari. Gonar Mama Hulda ba ta tsira ba. Kullum da safe za ta je ta tsaya a bakin gona tana kallo, ta dawo ba ta iya cin abinci. Ƙeyarta ta fara nauyi, kanta yana sarawa, wani lokaci ta ga duhu-duhu in ta miƙe. Ta san jikinta, ta san abin da na'urar za ta nuna.

Ranar awonta ta zo, ba ta je ba. Ta fara tsallake kwana ɗaya don maganin ya daɗe, daga baya kwana biyu. Sai ya ƙare.

A ofishin Kafanchan kuwa murna ake. Takardun da ke zuwa daga asibitoci bakwai sun nuna cikin mutum ɗari da aka auna, casa'in da huɗu jininsu daidai. Ba a taɓa ganin irin wannan ba. Ƙungiyar ta ce Azariya ya shirya, zai je Kaduna ya yi bayani a babban taro, ana so a kai tsarin wasu ƙananan hukumomi.

Sista Afiniki ta kira shi a waya.

"Dokta, layin Talata ya ragu."

"Lokacin aikin gona ne, Madam. Za su dawo. Kin ga sakamakon wannan wata kuwa?"

"Na gani. Amma wanda suka zo kake ƙirgawa. Mai jin jikinsa lafiya shi ke zuwa. Mai jin ciwo yana gida yana ɓuya."

"Wannan zato ne. Ni da lamba nake aiki."

Sai ta ce, "Mama ma wata biyu ba ta zo ba."

Ta yi sauri ta ƙara da cewa, "Ka ba ni izini in ba su magani ko ba a auna ba. Ko in bi su gida in auna, kada in rubuta, kada in taɓa allo. Sai hankalin mutane ya kwanta."

Ya ce, "In kin ba mutum ɗaya, gobe kowa zai zauna a gida. Tsarin ya rushe ke nan, kuma saura sati biyu taro. Ba za a ce don uwata ce aka fara karya doka ba. Bari in kira ta da kaina."

Ya kira. Mama Hulda ta ɗauka da muryar nan tata ta wasa.

"A'a, Dokta da kansa! Yau an tuna da tsohuwa?"

"Mama, an ce ba ki je awo ba."

"Afiniki da kai ƙara! Gona ce, ɗana. Ka san halin da ake ciki. Sati mai zuwa zan je."

"Magani fa?"

"Akwai saura."

"Jikin fa?"

"Lau nake. Kai dai ka yi aikinka, kada ka sa ni a rai."

A nan ne nake jin haushin Azariya, kuma ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya ce da lamba yake aiki, ai ya san ƙwaya talatin ba ta kai kwana saba'in. Lissafin da ɗan firamare zai yi ne. Amma amsar ta yi masa daɗi, sai ya karɓa. Ya ce zai zo ranar Asabar. Asabar ta zo yana gyara takardun taro, ya ce sai ta gaba.

Sista Afiniki ba ta haƙura ba. Wata safiya ta sa na'urar awo a jakar cocinta, ta rufe da gyale, ta tafi gidan Mama Hulda kamar gaisuwa. Ta same ta zaune a gindin mangwaro, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, idanu sun yi ja.

Bayan gaisuwa ta ce, "Mama, kawo hannu. Ni da ke ne kawai. Ba zan rubuta ba."

Mama Hulda ta maida hannuwanta cikin zane ta ce, "Afiniki, ke mai tsoron Allah ce. In kin gani, za ki rubuta. In ba ki rubuta ba, na sa ki ƙarya a wurin aikinki. Bar shi."

"Mama, ranki fa ake magana."

"Na tsaya a gaban bagaden coci na ce an warkar da ni. Da bakina na faɗa."

"Allah ba ya karɓe kati, Mama. Ba shi ya buga shi ba."

"Na sani. Allah ba ya karɓa. Mutane fa?" Ta yi ajiyar zuciya. "Ke kin ga abin da suka yi wa Malam Kaleb. Shi nasa a kansa ya tsaya. Ni in sunana ya fita daga allon nan, ba ni za su yi wa dariya ba. Za su ce maganin Dokta ko a jikin uwarsa bai yi aiki ba. Yaron nan zai tsaya a gaban manya a Kaduna. Bari ya gama, sai in zo ki auna ni yadda kike so."

Sista Afiniki ta yi roƙo har ta gaji. Daga ƙarshe ta buɗe jakarta ta ciro nata maganin, don ita ma tana da ciwon. Ƙwaya goma sha biyu ne suka rage mata. Ta ajiye a cinyar Mama Hulda ta ce, "Wannan ba na asibiti ba ne, nawa ne. Ki sha kullum har ya dawo."

Mama Hulda ta yi godiya ta karɓa. Abin da Sista Afiniki ba ta sani ba, akwai wasu mata biyu na zumunta da su ma suke ɓuya, kuma Uwar Zumunta ta san da su. Da yamma ta kira su ɗaki ta raba, kowa huɗu-huɗu. A ganinta uwa ba ta sha ita kaɗai 'ya'yanta suna kallo. Maganin kwana goma sha biyu ya ƙare a kwana huɗu.

Sista Afiniki ta tura wa Azariya saƙo: "Dokta, ka zo gida da kanka. Ba maganar waya ba ce." Ya amsa da kalma biyu: "Bayan taro."

Ranar Alhamis ne taron. A babban ɗaki mai sanyi a Kaduna, Azariya ya tsaya da kwat yana bayani, mutane suna rubutawa. Ya nuna casa'in da huɗu ɗin nan, aka tafa. Ya haska hoton godiyar mahaifiyarsa a bango, kwano a ka, kati a sama, ya ce, "Wannan uwata ce." Tafin ya fi na farko.

A daidai lokacin Mama Hulda tana gona, tana tumɓuke ruɓaɓɓiyar citta don ta ga ko akwai abin da za a tsira da shi na iri. Ta sunkuya, ta ɗago, sai ƙafar dama ta ƙi ɗaukarta. Wata maƙwabciyar gona ce ta ji faɗuwarta. Aka ɗora ta a mashin, mutum biyu suna riƙe da ita har bakin titi, daga nan aka samu mota zuwa Kafanchan.

Azariya ya kashe ƙarar wayarsa saboda taro. Sai da aka fita cin abinci ya duba, ya ga kira goma sha ɗaya, da saƙon Sista Afiniki cewa Mama ta faɗi, tana asibitin Kafanchan. Bai ma koma ya ɗauki jakarsa ba. Direban da ya ɗauko shi ya ce daga Kaduna har suka wuce Kujama suka wuce Kachia, Dokta sai kiran lamba yake, ya kashe, ya sake kira.

Ya sami Mama Hulda a gadon asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, ba ta san wanda ke kanta ba. Likitan da ya karɓe ta abokin karatunsa ne. Ya ja shi gefe ya ce, "Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Azariya, yaushe rabonta da magani?"

Azariya ya juya ya fita.

A baranda ya tarar da Sista Afiniki, da takalmin roba, ko canza kaya ba ta yi ba. Ya yi zaton za ta ce ai ta faɗa masa. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Ba ta ce ba. Ta ba shi labarin zuwanta gidan, ta maimaita masa maganar Mama kalma bayan kalma. Sannan ta ciro wata takarda da ta yago daga littafin makaranta ta miƙa masa. Sunaye ne, arba'in da uku.

Ya ce, "Su wane ne waɗannan?"

Ta ce, "Wanda ba ka ƙirga ba. Na asibitina kaɗai ke nan. Duk suna da koren kati, duk sun daina zuwa."

Ya bi sunayen da yatsa. Ya san su. Ga wadda ta koya masa karatu a makarantar Lahadi, ga mai gyaran keken da ke kusa da kasuwa. A gaban suna biyu an zana ƙaramin gicciye.

"Wannan fa?"

"An binne su, Dokta. Ɗaya a watan jiya, ɗaya sati biyu da suka wuce. Sunansu yana nan a allo, ba wanda ya goge, tun da ba a auna su ba."

Azariya ya zame ya zauna a ƙasan barandar, da kwat ɗinsa da komai, mutane suna wucewa suna kallo. Sai ya ce, "Sista, ki gafarta mini." Tun da ya fara aikin, ranar ce ya fara kiranta Sista.

Ta ce, "Ba ni za ka roƙa ba. Tashi ka kira sauran asibitocin, akwai wanda za a iya cetowa."

A nan zaune ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a sauke allo, a daina maganar kati, duk wanda ya zo a ba shi magani, wanda bai zo ba a bi shi gida. Ya kira ƙungiyar ya ce lambar da ya nuna da safe ba gaskiyar garin ba ce, kada a kai tsarin ko'ina. Ya roƙi fastoci su sanar ranar Lahadi cewa hawan jini ba zunubi ba ne, kuma shan magani ba ya soke godiya. An ceto mutane da yawa a satin nan, har da matan nan biyu.

Kwana biyar Mama Hulda ba ta farka ba. Azariya bai koma gida ba, a kan benci yake kwana. Matan zumunta suna zuwa rukuni-rukuni, su tsaya a bakin taga su yi addu'a ƙasa-ƙasa su tafi. Baba Kaleb ma ya zo, ya dafa kafaɗar Azariya.

A rana ta shida da hantsi ta buɗe ido. Ta gane shi. Lokacin awo ya yi, nas ta turo na'ura, sai Azariya ya ce ta bari shi zai yi. Wata biyar rabon da ya auna uwarsa da hannunsa.

Yana matsowa da na'urar, sai ya ga hannunta na hagu, wanda ya rage yana motsi, yana ja da baya a hankali yana neman shiga ƙarƙashin zane. Bakinta yana motsi. Ya kai kunnensa.

"Kar... ka... rubuta."

Allah sarki. Mace tana bakin mutuwa, har yanzu sunan ɗanta take karewa.

Hawaye suka zubo masa. Ya durƙusa a gefen gadon ya ce, "Ba zan rubuta ba, Mama. Ba wanda zai gani. Ni da ke ne kawai."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta saki hannun. Ya naɗa, ya danna, na'urar ta yi ƙara ta tsaya. Ya ga lambar. Duk maganin da ake zuba mata a jijiya bai saukar da ita ba, kuma shi likita ne, ya san ma'anarta.

Ta ce, "Ya... ya?"

Ya ce, "Ya yi kyau, Mama."

Rabin fuskarta da ke aiki ya yi murmushi. Ta ce, "To... ba ka... ji kunya ba."

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta yi masa. Ta koma barci da rana, ba ta sake farkawa ba. Ranar Talata ta gaba aka kai gawarta gida.

Darasi: Duk iliminka, in za ka tsara wa mutane abu, ka saurari wanda ya daɗe yana zaune da su, kuma ka tambayi labarin waɗanda ba su zo ba, ba waɗanda suka zo kaɗai ba. Kada ka sa kunya ta zama sandar da za ka kora mara lafiya da ita zuwa asibiti, domin ɓuya zai yi. Mu kuma masu baki, mu daina mayar da ciwon mutum zunubi. Hawan jini ba ya warkewa don ciwon kai ya tafi ko don an yi godiya: ka gode wa Allah, ka ci gaba da shan maganinka, ka je a auna ka ko kana tsoron abin da za a gani. In kana da tsohuwa ko tsoho a gida, kada ka yarda da "lafiyata lau" ta waya, ka je ka duba kwalin maganin da idonka. Ku tura wannan zuwa rukunin danginku da na zumuntarku, wataƙila akwai wata uwa da take ɓuya yanzu haka.